Kafin Ka Saka Manhajar da Ba ta Play Store Ba

Ina cikin masu saka manhaja daga wajen Play Store, kuma ba ni da niyyar dainawa. Wasu daga cikin manhajojin da na fi amfani da su ma ba za ka same su a can ba. Amma duk sanda wani ya miƙo mini wayarsa yana cewa ta rikice, talla na faɗo masa ko da bai buɗe komai ba, ko batir na ƙarewa tun rana ba ta yi tsaka ba, ko an kwashe kuɗin asusunsa bai san hawa ba bai san sauka ba, tambayata ta farko ɗaya ce: me ka saka kwanan nan, kuma wa ya ba ka? Amsar takan zama wani fayil ne da aka turo masa a WhatsApp ko Telegram, ko wani shafi da ya yi masa alkawarin samun manhajar da ake saya da kuɗi a kyauta.

Zan nuna maka yadda nake yi, da wuraren da nake tsayawa in ce a'a ko da abin ya ba ni sha'awa.

Kowace manhajar Android tana zuwa ne a ƙunshe cikin fayil mai ƙarewa da .apk. Ko a Play Store ka danna maɓallin saukewa, irin wannan fayil ɗin ne ke shigowa wayarka, sai dai Google ya riga ya bincike shi, ya san asusun da ya ɗora shi, kuma yana iya janye shi idan daga baya aka gano ɓarna. Ranar da ka ɗauko fayil ɗin da kanka, duk wannan aikin ya dawo wuyanka.

Dalilan yin hakan suna da yawa, kuma mafi yawansu halastattu ne. Akwai manhajar da ba a buɗe wa ƙasarka ba. Akwai wadda sabon zubinta ya fi ƙarfin tsohuwar wayarka, kana neman na baya. Sababbin wayoyin Huawei sun daina zuwa da Play Store tun bayan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin a 2019, masu su dole su nemi wata hanya. Akwai manhajoji masu kyau da dokokin Google ba su ba su wuri ba, irin su NewPipe mai kallon bidiyo, ko AdAway mai toshe talla a duk faɗin waya. Manyan kamfanoni ma sun bi wannan hanya: a 2018 Epic Games ya fitar da wasan Fortnite na Android ta shafinsa don ya kauce wa kashi 30 cikin 100 na ciniki da Google ke yanka a lokacin. Signal da Telegram da WhatsApp duk suna ajiye fayil ɗinsu a shafukansu ga wanda ba shi da Play Store. Shi kansa Play Store ɗin ba tsarkakakke ba ne. A 2019 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano mugun sashe a cikin CamScanner, manhajar da aka sauke fiye da sau miliyan 100, har Google ya cire ta na wani lokaci. Bambancin shi ne a can an samu mai gano ɓarnar da mai cirewa. A waje babu mai yi maka wannan.

Kai za ka je wurin fayil

Ƙa'idata ta farko, wadda ita kaɗai za ta raba ka da mafi yawan bala'in, ita ce: kai ne za ka tashi ka je neman fayil a inda ka sani. Fayil ɗin da ya zo ya same ka, ta saƙon tes, ta guruf, ta imel, ta wani da ya kira ka ya ce daga banki yake, kada ka saka shi. Ko daga lambar amininka ya fito, domin mugayen manhajoji da yawa suna tura kansu ga duk lambobin da ke cikin wayar da suka kama.

Haka FluBot ya yi ɓarna a Turai da Ostareliya daga ƙarshen 2020. Saƙo ne zai shigo cewa kana da kaya a hanya, danna nan ka ga inda suke. Shafin sai ya ce ka saka manhajar kamfanin aika kaya. Da ka saka, ta fara satar bayanan banki, tana kuma aika irin wannan saƙo ga mutanenka. Sai a tsakiyar 2022 hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, ta sanar da cewa 'yan sandan ƙasashe 11 sun haɗu sun karya shi. Salon bai mutu da shi ba. Yanzu ana turo fayil da sunan katin gayyatar biki, ko takardar tara, ko hoton da za a ce wai kai ne a ciki. Ka duba ƙarshen sunan. Hoto ba ya ƙarewa da .apk, takarda ma haka.

To ina ake zuwa? Wuri na farko shi ne shafin mai manhajar da kansa. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka dogara da sakamakon farko na bincike, domin sau da yawa talla ce, kuma 'yan damfara na sayen wannan gurbin da adireshin da harafi ɗaya ya raba shi da na gaskiya. Na biyu F-Droid, rumbun da ke aiki tun 2010, wanda ba ya karɓar komai sai manhajar da lambobin gininta ke buɗe kowa ya gani, kuma su da kansu suke haɗa mafi yawansu daga waɗannan lambobin. Na uku APKMirror, idan tsohon zubi nake nema ko wanda bai iso yankina ba. Suna gwada sa hannun kowane fayil da na ainihin mai shi, kuma ba sa ɗora manhajar kuɗi da aka fasa. Daga nan sai in fara ɗari-ɗari. Ko rumbun da ya yi suna yana iya tuntuɓe: a Afrilun 2021 an gano cewa manhajar APKPure kanta ta zo da mugun sashe a wani zubinta, kafin su fitar da gyara.

Shafin da ke da maɓallan saukewa huɗu masu walƙiya, ko ya ce sai ka saka wata manhaja tukuna kafin ya ba ka wadda kake nema, rufe shi kawai.

Sa hannu, da abin da yake tona maka

Wannan sashen mutane kan tsallake, alhali shi ne ya fi amfani. Kowane fayil na APK yana ɗauke da sa hannun wanda ya gina shi, da wani mabuɗin sirri da shi kaɗai yake da shi. Kamar hatimi ne a bakin ambulan: wanda ya buɗe ya canza abin ciki ba zai iya mayar da hatimin asali ba, dole ya buga nasa. Android kuma ba ya yarda sabon zubi ya hau kan tsoho sai sa hannunsu ya zo ɗaya.

Ga amfanin wannan a aikace. Idan kana da manhajar asali daga Play Store, ka ɗauko sabon zubinta daga wani wuri, ta hau lafiya a matsayin sabuntawa, alama ce mai ƙarfi cewa daga hannu ɗaya suka fito. Idan kuwa wayar ta ƙi, ta ce fayil ɗin ya ci karo da wanda ke ciki, sannan shafin ya ce ai ba komai, goge ta asalin tukuna, to an gaya maka a fili cewa wani ya taɓa wannan fayil ɗin. Inda na san wannan karon ba ya nufin cuta shi ne F-Droid, domin suna sa wa manhajoji da yawa nasu sa hannun, saboda haka zubinsu ba ya hawa kan na Play Store. Wannan sananne ne kuma sun bayyana shi. Wanda ba ka san ko wane ne ba, ba shi da wannan uzurin.

Kafin in saka fayil, nakan ɗora shi a shafin VirusTotal, wanda mallakar Google ne tun 2012. Yana gwada shi da injinan riga-kafi kusan 70 a lokaci guda. Idan guda ɗaya ko biyu da ba a san su ba suka yi ja, yana iya zama ƙararrawar ƙarya. Idan sanannu da dama suka haɗu a kan suna ɗaya, magana ta ƙare. Sakamako mai tsabta kuwa yana nufin ba a san shi da laifi ba tukuna, domin sabuwar cuta takan yi kwanaki kafin injinan su gane ta. Kuma ka sani abin da ka ɗora a can masu binciken tsaro na iya ganinsa, don haka fayil ɗin manhaja kaɗai za ka kai, ban da takardunka.

Wani lokaci za ka ga zubi iri-iri na manhaja ɗaya, kowanne da irin ƙwaƙwalwar wayar da aka yi shi dominta. Mafi yawan wayoyin yanzu arm64-v8a suke ɗauka, tsofaffi da wasu ƙanana kuma armeabi-v7a. Tun Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajoji tsarin da ke rarraba su gida-gida, shi ya sa za ka ci karo da fayil mai ƙarewa da .apkm ko .xapk, waɗanda ke buƙatar manhajar sakawa ta daban. Idan akwai APK guda ɗaya cikakke, shi nake ɗauka.

Sakawar kanta

Tun daga Android 8 na 2017, izinin saka manhajar waje ya daina zama makunni ɗaya na duk waya. Kowace manhaja ake ba ta nata. Idan ka danna fayil ɗin, wayar za ta ce wannan hanyar ba ta da izini, ta kai ka shafin da aka rubuta Install unknown apps. Ni manhajar ajiye fayiloli ta wayar nake ba wa izinin. Ba na ba WhatsApp, ba na ba Telegram, burauza ma ba na bar mata, saboda ta nan ne abin da ban nema ba yake shigowa. Da an gama sakawa nake komawa in kashe izinin. Daƙiƙa kaɗan ne, kuma ranar da yaro ko wani baƙon hannu ya danna abin da bai kamata ba, zai tarar da ƙofa a rufe.

Play Protect, mai gadin da Google ya saka a wayoyin tun 2017, zai iya tsayar da kai ya ce bai san wannan manhajar ba, ka bari ya bincika. Bar shi ya yi. Idan ya ce mai cutarwa ce, ka yarda da shi fiye da yadda za ka yarda da mai bidiyon da ya ce ka kashe shi. Duk umarnin da ya fara da kashe Play Protect, ni a nan nake ajiye shi. A sababbin wayoyin Samsung akwai kuma Auto Blocker, wanda ke hana sakawar gaba ɗaya. Idan ka kashe shi don fayil ɗin da ka tabbatar, mayar da shi nan take.

Izinin da za ta nema bayan ta shiga

A nan ne ake cin mutane. Manhajar da ta shiga waya tana zaune ne a killace, ba ta iya taɓa na wasu, sai abin da ka buɗe mata da hannunka. Shi ya sa muguwar manhaja takan dame ka da roƙo tun buɗewar farko.

Mafi hatsari shi ne Accessibility. An yi shi ne don makafi da masu wata lalura, domin manhaja ta karanta musu abin da ke kan allo ta kuma danna musu. Ka duba ma'anar wannan a hannun ɓarawo: yana ganin duk abin da kake gani, yana karanta abin da kake rubutawa, yana danna maɓalli a madadinka, har yana iya ba kansa sauran izinin ba tare da ya tambaye ka ba. Sai izinin karanta saƙonnin tes da na ganin sanarwa, waɗanda ta nan lambar sirrin da banki ke turo maka take wucewa. Sai izinin bayyana a saman sauran manhajoji, wanda da shi ake shimfiɗa shafin bogi a kan na bankinka: ka buɗe manhajar gaskiya, amma akwatin da kake zuba lambarka a ciki nasu ne. Na ƙarshe shi ne zama mai kula da na'ura, wanda ke sa maɓallin gogewa ya ƙi dannuwa.

Ka tambayi kanka ko aikinta na buƙatar abin da take nema. Mai kunna waƙa ba ta da hulɗa da saƙonninka. Wasa ba ya buƙatar karanta allonka. Tun Android 13 na 2022, wayar da kanta tana toshe Accessibility da ganin sanarwa ga manhajar da aka sako daga fayil, ta ce saitin a taƙaice yake. Sai 'yan damfara suka koma koya wa mutane yadda za su buɗe shi, da hotuna mataki-mataki, cikin ladabi da haƙuri. Idan ka ga manhaja na jagorantarka zuwa ɗigo uku na saman shafinta don ka cire wannan takunkumin, tsaya. A Fabrairun 2024 Google ya fara gwaji a Singafo na hana saka duk fayil ɗin intanet da ke neman irin waɗannan izinin, daga baya ya faɗaɗa shi zuwa wasu ƙasashe, saboda su ne hanyar da satar kuɗi ta fi bi.

Na taɓa duba wayar wata 'yar'uwata da ke zafi ko tana ajiye. A fuskar wayar babu wani baƙon abu. Sai da muka shiga jerin dukkan manhajoji a cikin saiti, muka gangara can ƙasa, muka ga wani layi fari fat, ba suna ba hoto, sai girman fayil kawai a gefe. Da muka buɗe shi, ga izinin saƙonni a kunne, ga Accessibility a kunne, maɓallin gogewa kuma ya dushe. Ita abin da ta tuna shi ne wata manhajar kallon fina-finai da ta buɗe ta ƙi aiki, ta ɗauka ta ɓace da kanta.

Manhajojin da aka yi wa kwaskwarima

GB WhatsApp da 'yan'uwanta, da manhajojin kuɗi da aka fasa, a nan ba ni da sassauci. Na san abin da ke jan mutane: ganin saƙon da aka goge, ɓoye cewa kana kan layi, canza launi. Amma ma'anar kwaskwarima ita ce wani da ba ka sani ba ya buɗe manhajar, ya ƙara nasa, ya sa hannunsa. Ɓoye saƙo daga waya zuwa waya da WhatsApp ke yi ba zai cece ka ba, domin a cikin manhajar ne ake warware saƙon, kuma manhajar tasa ce. A Agustan 2021 Kaspersky ya gano cutar Triada a cikin FMWhatsApp, wadda ke iya yi wa mutum rajistar ayyukan biya ba da saninsa ba, ta kuma karanta saƙonninsa na tes. A Oktoban 2022 aka sake samun ta a YoWhatsApp, tana kwashe mabuɗan da ake iya ƙwace asusu da su. Shi ma WhatsApp yana rufe lambobin masu amfani da irin waɗannan. Ga kuma haƙƙin wanda ya zauna ya gina manhaja yana sayarwa don ya ci abinci. Kusan kowace manhajar kuɗi tana da takwara ta kyauta a F-Droid ko a Play Store, ko da ba ta kai ta ƙyalli ba.

Idan dole sai ka gwada wani abu mai shakku, yi shi a tsohuwar wayar da babu layinka, babu banki, babu imel ɗinka a ciki.

Akwai wata matsala da ba ta da hayaniya: manhajar da ka sako da hannu galibi ba ta sabunta kanta. Duk ramin tsaron da aka gano a cikinta yana nan a wayarka har sai ka je ka ɗauko gyara. Ko manhajar sakawa ta Fortnite an same ta da irin wannan ramin a 2018, Google ne ya gano, Epic ya toshe. F-Droid na sanar da kai sabon zubi, manhajar Obtainium kuma na bibiyar masu fitar da manhajarsu a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke ajiye aikinsu. Tsohon zubin burauza ko na manhajar banki kuwa, kada ka riƙe shi don ka fi son fasalinsa.

Dokar ma tana canzawa. A Agustan 2025 Google ya sanar da cewa zai buƙaci masu gina manhaja su tabbatar da ko su wane ne, ko da a wajen Play Store suke rabawa, farawa daga Satumban 2026 a Brazil, Indonesiya, Singafo da Thailand. Na fahimci dalilin, amma ina tare da masu fargabar cewa ƙananan masu gini da rumbuna irin F-Droid ne za su fi jin jiki.

Ga masu iPhone maganar gajeriya ce. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta wa Apple buɗe ƙofa, kuma tun iOS 17.4 na Maris 2024 ana iya saka wasu rumbunan kamar AltStore PAL. A mafi yawan sauran wurare, abin da ake da shi shi ne sa wa manhaja hannu da asusunka ta kwamfuta, ta yi kwana 7 ta mutu sai an sabunta, ko TestFlight, manhajar Apple ta gwajin manhajoji. Shafin da ya ce ka saka wani furofayil, wato fayil ɗin da ke canza saitin waya, ko ka amince da takardar shaidar wani kamfani don ka samu manhaja kyauta, ka guje shi. Furofayil na iya juya zirga-zirgar intanet ɗinka ta hannun wani.

Idan aikin gama ya gama

Kashe data da Wi-Fi tukuna, ko ka sa wayar a yanayin jirgin sama, don ka yanke ta daga mai sarrafa ta. Kira bankinka da wata wayar su dakatar da asusun da katin. Sannan ka tayar da wayar a Safe mode, inda manhajojin da ka saka ba sa tashi. A wayoyi da yawa ana danne maɓallin kashewa da ke kan allo har zaɓin ya fito. Shiga saitin tsaro ka cire mata matsayin mai kula da na'ura, ka kashe mata Accessibility, sai ka goge ta. Canza kalmomin sirrin imel da banki daga wata na'urar, domin waɗanda ka rubuta a wannan ƙila an riga an kwafe. Idan ta taɓa samun Accessibility, ni ba na tsayawa a gogewa: nakan kwashe hotuna da lambobi, in mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani, in sake sako manhajoji ɗaya bayan ɗaya daga inda na sani. Duba na'urorin da ke haɗe da WhatsApp da asusunka na Google ka fitar da duk wadda ba ka gane ba. Ka kuma sanar da mutanen da ke cikin wayarka cewa idan wani fayil ko adireshi ya zo musu da lambarka a kwanakin nan, kada su buɗe.